Akwatin takardar goge hannu: wane iri ne ya fi ƙarko, kuma me yake kashe shi?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin aikin injina da ke cikin wannan zaure. Ni ce nake kula da sayen kayan aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma bara muka sa aka kafa mana akwatunan takardar goge hannu guda takwas, irin masu batir ɗin nan da mutum yake miƙa hannu sai takarda ta fito da kanta. A yau biyu ne kacal suke aiki yadda ya kamata. Uku sun mutu murus, biyu suna zubo da takarda ba tare da kowa ya zo kusa ba har ta taru a ƙasa ta jiƙe, ɗaya kuma ya ɓalle daga bango ya faɗo. Wanda ya kawo mana su ya ce laifin masu shara ne, masu shara kuma sun ce kayan ne ba su da kirki. Za mu sake saye, amma ba na son in sake zuba ruwa a kwando da kuɗin asibiti. Wane iri ne ya fi ƙarko, kuma me ya kamata in duba kafin in sa hannu?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar wanda za a saya, yana da kyau a rarrabe su, domin kowane iri da irin ciwonsa. Akwai akwatin takarda mai ninki, wanda ba shi da wani abu mai motsi a ciki in ban da makulli da marfi. Akwai na naɗi mai aiki da ƙarfin hannu, wanda jan takardar ne yake juya wata ganga da ke ciki, gangar ta ɗaure sifirin, wuƙa mai haƙora ta fito daga jikin gangar ta yanke takardar, sannan sifirin ɗin ya saki ƙarfinsa ya turo bakin takarda ta gaba. Sai kuma irin naku, wanda yake da idon lantarki, da allon wayoyi, da ɗan ƙaramin inji, da faifai masu haƙora da ke juya rola, da batura.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne yawan aikin da wannan ɗan akwati yake yi. Mu ɗauka misali mutum 200 ne suke wanke hannu a wuri ɗaya kullum, kowa ya ja sau biyu. Juyi 400 ke nan a yini, wato 146,000 a shekara. Ƙofar gidan mutum ba ta ganin kusa da wannan wahala. Sannan sassan da ke ciki kamar sarƙa suke, ɗaya ya tsaya duka sun tsaya. Idan akwai sassa biyar, kowanne yana da tabbacin kashi 98 cikin ɗari na kai ƙarshen shekara lafiya, tabbacin na'urar gaba ɗayanta bai wuce kashi 90 da ɗan ɗoriya ba, domin ninka su ake yi da juna. Shi ya sa a ra'ayina, duk sashen da aka ƙara dole ne ya kawo amfanin da zai biya haɗarin da ya shigo da shi.

Malam Nasiru:
Injiniya ya faɗi gaskiya, ni kuma bari in faɗi abin da nake tararwa idan na buɗe su, domin gyaran irin waɗannan kayan banɗaki na otal da ofisoshi yana cikin abin da nake ci da shi. A cikin waɗanda ake cewa sun mutu, mafi yawansu injin lafiyarsa ƙalau. Sai ka zare murfin gidan batir ka ga baturan sun yi amai, wani farin gari ya bushe a jikin ƙarafunan da suke taɓa kan batir, sifirin ɗin ciki ya yi tsatsa har yana karyewa idan ka taɓa shi da sukundireba. Dalili kuwa shi ne an sa batir mai araha irin na tocila da rediyo. Wannan batir yana iya riƙe rediyo, amma idan inji ya nemi wuta da yawa a lokaci guda don ya juya naɗi mai nauyi, sai ƙarfinsa ya faɗi. Na'urar ta tsaya, a bar ta wata biyu ba a duba ba, batir ya fashe a ciki. Masu ƙera su batir na alkalin suke cewa a sa, kuma a sauya su gaba ɗaya a lokaci guda, kada a haɗa sabo da tsoho.

Shi kuma wanda ya faɗo, Hajiya, ina kyautata zaton ba laifin akwatin ba ne. Bulonmu ramuka ne a ciki, kuma da yawa ba a sa masa isasshen siminti. Idan mai kafawa ya huda tayil ya cusa ɗan gajeren filogin roba a wurin da babu nama, kowane ja da aka yi yana girgiza sukurun, ramin yana ƙara faɗi, har ranar da zai saki. A duba ramukan, za a ga garin bulo yana zubowa.

Hajiya Rabi:
Malam Nasiru, kamar kana wurin. Na sa an buɗe ɗaya daga cikin ukun ɗazu, kuma farin garin nan da ka kwatanta shi muka gani. To su biyun da suke zubo da takarda su kaɗai fa?

Injiniya Habibu:
Hajiya, ki duba mana inda aka kafa su biyun. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna harba wani haske ne da idon mutum ba ya gani, idan ya bugi hannu ya dawo sai na'urar ta san an zo. Madubi, ko ƙyallin tayil, ko ƙofar ƙarfe mai sheƙi da ke fuskantar ta, duk suna iya mayar mata da hasken, hasken rana ma yana iya ruɗa ta. Wasu kuma ba da haske suke ji ba, sauyin cajin lantarki suke ji idan jikin mutum ya matso. Akwai wata matsala ta biyu da ta shafe mu sosai a lokacin hunturu: idan busasshiyar takarda tana gogar rola ta roba a cikin busasshiyar iska, caji yana taruwa, irin wanda yake sa mayafi ya yi tartsatsi da dare. Idan mai ƙira bai yi wa cajin hanyar fita zuwa bango ba, a allon wayoyin zai sauka, ya rikita lissafinsa.

Amma ina so in ɗan saɓa wa yayana Injiniya Bashir. Bai kamata a yanke wa na'ura mai batir hukunci da abin da ya faru a nan ba. A Amurka, inda na yi aiki na wasu shekaru a sashen kula da gine-gine, masu batir irin enMotion na kamfanin Georgia-Pacific sun cika filayen jirgin sama da asibitoci, kuma suna ɗaukar naɗi mai tsawon ƙafa 800, kusan mita 244. Idan an saita tsawon kowace takarda a santimita 30, naɗi ɗaya ya ba da sama da 800. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne, a mai batir inji ne yake jan takarda da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci, a na hannu kuwa wani yana ja a hankali, wani yana fizga, wani yana ja a karkace. Ta wannan fuska, cire hannun mutum daga aikin yana ƙara wa sassan ciki kwana.

Hajiya Rabi:
Na je na duba. Ɗaya yana fuskantar babban madubin da ke saman kwamin wanke hannu, ɗaya kuma yana gefen taga ta gabas. Allah ya ƙara basira, Injiniya.

Injiniya Bashir:
Ƙanena Habibu, ban ce mai batir ba shi da kyau ba, kuma maganarka ta daidaiton ja gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne, ƙarkon na'ura ba a jikinta kaɗai yake ba. Waccan da ka gani tana aiki a filin jirgi, a bayanta akwai ma'aikacin da yake zagayawa da jadawali, akwai sito cike da ainihin takardarta, akwai baturan da suka dace, akwai kamfanin da zai aiko da wata idan ta lalace. Idan ka ɗauko na'urar ka bar duk waɗannan a can, rabin abin ka ɗauko. Hajiya ba ta tambaye mu wace ce ta fi kyau a duniya ba, ta tambaye mu wadda za ta rayu a asibitinta.

Malama Zainab:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina roƙon injiniyoyinmu kada su manta da dalilin kafa akwatin tun farko. Ƙa'idojin tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don wuraren kula da marasa lafiya sun ce a busar da hannu sosai da abin gogewa da ake amfani da shi sau ɗaya, sannan a yi amfani da shi wajen rufe famfo. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwayoyin cuta da kai su wani wuri. Saboda haka duk akwatin da zai tilasta mini in danna mariƙi, ko in murɗa wani abu, ko in cusa yatsu ciki ina lalube bayan na gama wanke hannu, ya ɓata mini aikin da na yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: ka kama bakin takarda da jiƙaƙƙun yatsu ka ja, sai ɗan guntu kamar girman kati ya tsinke ya manne a babban yatsanka, sauran ta maƙale a ciki. Ka sake gwadawa, ta sake tsinkewa. A ɗakin masu haihuwa na sha ganin abokiyar aiki ta haƙura ta goge hannu da gefen rigarta saboda ana kiran ta. Shin wannan laifin takarda ne ko na akwati?

Injiniya Bashir:
Malama Zainab, kin taɓo zuciyar maganar, kuma amsar ita ce laifin haɗuwarsu ne. Zaren takarda yana riƙe juna ne da wani ɗauri da ruwa yake kwancewa nan take, shi ya sa tishun bayan gida yake narkewa, kuma da gangan aka yi shi haka don kada ya toshe bututu. Ita takardar goge hannu ta ainihi ana zuba mata wani sinadari mai kamar ƙaro tun a masana'anta, wanda yake sa ta riƙe wani kaso na ƙarfinta ko da ta jiƙe. To aikin mai ƙira shi ne ya tabbatar ƙarfin da ake buƙata don jawo takarda bai kai ƙarfin da zai yaga jiƙaƙƙiyar takarda a ƙarƙashin yatsu biyu ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ƙarama ce, kuma abubuwa da yawa suna cinye ta.

Sabon naɗi yana da nauyi, kuma abu mai nauyi da yake tsaye ba ya son a tayar da shi da gaggawa, saboda haka fizga ɗaya sai takarda ta tsinke kafin naɗin ya motsa. Garin takarda da ƙurar hunturu suna taruwa a kan rola da maƙalan ganga, jan ya ƙara tauri. Wuƙa tana dakushewa, maimakon ta yanke sai ta riƙa ja. A damina kuma takardar da aka ajiye a ƙasan sito tana shan danshi tun kafin a sa ta, ta yi laushi, naɗin ma ya lotse ya daina juyawa sumul. Idan a kan duk wannan aka kawo takarda marar sinadarin nan, ko wadda ta fi sirantaka, babu sauran tazara. Shi ya sa na hannu masu kyau suke da zanen hannu biyu a goshinsu, domin ja da hannu biyu yana raba nauyin, suna kuma da ɗan faifai a gefe da ake murɗawa idan bakin takarda ya ɓuya. Amma kamar yadda kika ce, duk ranar da aka koma ga wannan faifai, an riga an yi asarar tsafta.

Alhaji Ɗanlami:
Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da irin waɗannan kaya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ma muna da laifi. Mai saye yakan tambayi kuɗin akwati, ba ya tambayar kuɗin takardarsa ko inda zai same ta bayan wata shida, mu kuma ba ma faɗa masa. Manyan kamfanoni suna ƙera akwati ne don takardarsu: faɗin naɗi, da kaurinsa, da girman bututun kwalin da ke tsakiya, wani lokaci har da wani ɗan toshi na roba a gefen kwalin wanda idan babu shi naɗin ba zai zauna ba. Masu ƙera kayan Tork ma lamba suke ba kowane tsari, H1 na naɗi, H2 da H3 na masu ninki, kuma takardar wannan ba ta shiga wancan daidai. Idan kwantenar ainihin takardar ta yi jinkiri, ko canjin dala ya ɗaga kuɗinta, sai a sayo wadda aka samu a kasuwa, a yanke gefenta da wuƙa a cusa. Daga nan sai a kira mu a ce kayanmu ba su da kyau.

Injiniya Habibu:
Alhaji ya yi gaskiya, kuma a Amurka wannan magana har kotu ta kai. Georgia-Pacific ya yi ƙarar wani kamfani mai suna von Drehle saboda ya yi takardar da take shiga cikin enMotion, aka shafe shekaru ana shari'a. A can akasari haya ake ba da na'urar, ribar kuwa a takarda take. Tun asali ma takardar ce sana'ar: kamfanin Scott na birnin Filadelfiya, wanda ya fito da takardar goge hannu a 1907, kamfanin takarda ne, kuma wani kamfanin takarda, Kimberly-Clark, shi ya saye shi a 1995. Don haka na yarda da wannan ɓangare na hujjar Injiniya Bashir. Inda har yanzu ban sauka ba shi ne wuraren da tsafta ta fi tsanani, kamar gaban ɗakin tiyata. A can zan fi son mai ido, da sharaɗin a ba mutum ɗaya alhakin baturansa.

Malama Zainab:
Injiniya Habibu, mai ninki ma ai takardar da za ka ɗauka kaɗai kake taɓawa, idan yana aiki daidai. Kuma ba ya mutuwa da tsakar dare.

Malama Uwani:
Ku yi mini afuwa, ni ba injiniya ba ce, shugabar masu shara ce a wata makaranta, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ninkin nan da ake yabo shi ma yana da nasa. Yarana sukan cika shi maƙil, su danna da gwiwar hannu su rufe marfi da ƙarfi, saboda sun san ba za su dawo wurin ba sai gobe, kuma idan ya ƙare su za a yi wa faɗa. To idan aka danne shi haka, ta ƙasan ba ta fitowa sai a yage, ko kuma mutum ya sa yatsa ya zaro goma a haɗe ya yi amfani da biyu ya zubar da sauran. Sannan maganar makulli. Makulli ɗaya aka ba mu na akwati goma sha biyu, ya ɓata a wata na biyu, tun daga nan da cokali ake ɓalle marfin har harshen makullin ya karye, yanzu da salatif muke riƙe wasu. Kuma ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake sa takardar, kafawa aka yi aka tafi.

Injiniya Bashir:
Malama Uwani, abin da kika faɗa ya fi lissafin da na kawo amfani, kuma babu laifin yaranki a ciki. Idan ma'aikaci yana danna takarda, alama ce cewa akwatin ya yi wa wurin ƙanƙanta, kuma mai saye ne ya yi kuskuren awo. Masu ƙira nagari sun san za a yi haka, shi ya sa wasu suke sa wani ɗan tudu a cikin akwatin da yake hana a cika shi fiye da kima, ko haƙarƙari a gefe da suke ɗauke nauyin na sama daga kan ta ƙasa, da ɗan gilashi a gaba don a ga saura nawa ba sai an buɗe ba.

Fitowar goma a haɗe kuwa yawanci daga irin ninkin take. Takarda mai ninki irin harafin C jere ake yi ɗaya a kan ɗaya, babu wadda ta riƙe 'yar uwarta, saboda haka idan ka zare ɗaya babu abin da zai leƙo da ta gaba, dole ka lalubo. Mai ninki irin harafin Z kuwa an saƙala kowace a cikin ta bayanta, fitar ɗaya ita take jawo bakin ta gaba. Faɗin bakin akwatin ma an auna shi ne da irin ninkin. Idan aka sa siririyar takarda a akwati mai faɗin baki za ta zubo, idan aka sa mai kauri a mai ƙaramin baki za ta maƙale.

Hajiya Rabi:
Na gode muku ƙwarai. Ga abin da na tsayar. Ukun da suka mutu zan ba Malam Nasiru ya duba, idan gidan batir ne kawai a gyara a sa musu alkalin. Biyun da suke ruɗewa za a ɗauke su daga gaban madubi da taga. A ɗakunan kwanciya da na ganin likita kuwa masu ninkin Z zan saya, kuma ba zan biya ba sai na ga takardarsu a wurin dillalai aƙalla biyu a garin nan. Zan karɓi guda ɗaya tukuna a kafa a wurin da ya fi cunkoso na wata ɗaya, ma'aikatan jinya su gwada shi da jiƙaƙƙen hannu, masu shara kuma su faɗa mini yadda cika shi yake. Saura tambaya ɗaya: na ƙarfe ko na roba, kuma a wane tsayi za a kafa? Muna da marasa lafiya masu keken guragu.

Injiniya Habibu:
A kan tsayi, Hajiya, ma'aunin da ake bi a Amurka ƙarƙashin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 zai yi miki amfani. Wurin da hannu zai kai kada ya wuce inci 48 daga ƙasa, kimanin santimita 122, kuma daga bakin da takarda take fitowa ake aunawa, ba daga saman akwati ba. Idan mutum zai miƙa hannu ta saman kwami mai faɗi, sai a ƙara saukar da shi. Ana kuma so a iya amfani da shi da hannu ɗaya, ba tare da matsewa ko murɗawa ba, da ƙarfin da bai wuce fam 5 ba, wato kilo 2 da ɗan kai. A kafa shi kusa da kwamin, don kada mai keke ya tura taya da jiƙaƙƙen hannu kafin ya kai gare shi.

Malam Nasiru:
Ni kuma a kan jiki, idan wurin ana goge shi da ruwan bilic kullum, ki sani ƙarfe marar tsatsa ma yana yin tabo da ƙananan ramuka idan bilic ya daɗe a kansa ba a ɗauraye ba, kuma akwai na jabu da yake yin ja a damina ɗaya. Roba mai kauri ta wadatar a cikin ɗaki, sai dai kada a sa ta inda rana take duka, domin tana ƙonewa ta yi gautsi. Ki buɗe marfin ki duba maƙalinsa da harshen makulli, nan ne suke fara karyewa. Ki sa a rubuta a takardar saye cewa kowane akwati zai zo da makullinsa, kuma duka makulli iri ɗaya ne. Idan na zo duba ukun nan zan taho da dogayen sukurori da filogin da ya dace da bulo mai rami, sai a nuna mini ramukan wanda ya faɗo.